Zan ba da aikin wayarin da rataya shandaliya a ƙauye: me zan duba kafin in saki kuɗi?

Ɗan Taura ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar masu sana'a nake nema. Sabon gida ne a wani ƙauye da ke gefen Taura a Jigawa, ginin bulo, rufin kwano. An gama rufi, amma ba a yi filasta ba, ba a kuma yi silin ba. Falo ɗaya ne mai ƙafa 16 da 14, ɗakuna uku, kicin, banɗaki biyu, baranda da zaure. Daga daɓe zuwa katakon rufi ƙafa 10 ne. Falon POP za a yi masa, sauran ɗakunan silin ɗin PVC.

Ana so a rataya shandaliya, wato babbar fitilar ado mai reto, a tsakiyar falon, kuma iri biyu ake dubawa a Sabon Gari. Ɗaya mai ƙwai 12 ce, da gilasai masu reto, nauyinta kilo 14, faɗinta inci 30, tsawonta inci 28. Ɗayar ba ta da ƙwai, mai rimot ce da ke canja launi. Wutar NEPA tana zuwa amma ba ƙarfi, akwai ƙaramin janareta, kuma ana da niyyar sa sola nan gaba.

Masu wayarin biyu sun zo. Ɗaya ya ce a ba shi kwangilar duka, kaya da aiki. Ɗayan ya ce a sayo kaya, shi ladan aikinsa kawai zai karɓa a kan kowane poyin, wato kowane wurin da aka kai wa waya kamar na fitila ko soket. Mai POP kuma ya ce kada a damu da ƙugiya, shi zai dasa ta a cikin POP ɗin. Wa zan ba? Me zan tambaye su? Wacce fitilar ta fi dacewa da ƙauye?

Mai Testa ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sanya alheri. Ka yi tambaya a kan gaɓa, don da an riga an yi filasta da silin, rabin abin da zan faɗa sai da fasa bango.

Maganar mai POP ka ajiye ta gefe tukuna, ba aikinsa ba ne, kuma na ga akwai kafintoci a nan da za su yi maka bayani. Ni bari in tsaya a kan zaɓen ma'aikaci.

Ka kira kowannensu wurin ginin shi kaɗai, ka yi shiru ka ji abin da zai tambaye ka. Wanda ya san aiki zai tambayi nauyin fitilar, da irin silin ɗin, da ɓangaren da kowace ƙofa za ta buɗe don kada makunni ya faɗa bayan ƙyaure, da inda gado da kujeru za su zauna, da ko akwai firji ko injin jawo ruwa, da inda janareta zai zauna. Zai fito da tef ɗin awo da alli ya yi alama a jikin bulo. Wanda ya leƙa ɗakuna ya yanke kuɗi a tsaye cikin minti biyar bai lissafa komai ba, kuma a tsakiyar aiki zai dawo ya ce waya ba ta isa ba.

Sai ka ce ya buɗe jakarsa. Testa mai ɗan ƙwai a gindi kowa yana da ita, har yaran aiki, kuma ba ta nuna komai sai cewa akwai wuta. Abin da ake nema shi ne mitar awo ta hannu wadda ke karanta bolt da om (ma'aunin turjiyar waya ga wuta), da diril, da abin jan waya a cikin faif. In yana da mega, wato na'urar gwada lafiyar robar waya, ko ya san inda zai aro ta ranar gwaji, to wannan ya yi gaba. Takarda ma tana da amfani: akwai shaidar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, akwai kuma shaidar ƙwarewa da hukumar NEMSA ke ba masu aikin wayarin. A ƙauye ba kowane gwani ke da su ba, saboda haka kada ka tsaya a kan takarda kaɗai. Ka ce ya kai ka gidan da ya yi wa aiki shekara biyu ko uku da suka wuce, ba wanda ya gama makon jiya ba. Ka roƙi mai gidan a buɗe makunni ɗaya da akwatin bireka, wato na'urar da ke yanke wuta da kanta in lodi ya yi yawa. In ka ga an murɗa wayoyi an naɗe da baƙin tef, ko bireka ɗaya tana riƙe da gidan duka, ka yi godiya ka fita.

Aikin hawa uku ne, kuma kowanne yana da lokacinsa. Na farko faifin: a tsaga bango a binne faif ɗin PVC mai milimita 20, a dasa akwatunan makunni da na soket, kafin filasta. Faif ya tafi a miƙe, ko sama ko a kwance, ba a karkace ba, don wanda zai buga ƙusa bayan shekara biyar ya iya hasashen inda waya take. Makunni ya zauna kamar ƙafa 4 daga daɓen da aka gama, ba daga ƙasar da ake takawa yanzu ba. In ba a cire kaurin siminti da tayil ba, sai a ga makunnai sun yi ƙasa. A saman silin ma wayar ta bi cikin faif har bakin fitila. A nan ne masu ha'inci ke rage kaya, su shimfiɗa waya tsirara a kan katako don sun san ba wanda zai hau ya gani. Zafin kwano a watan Afrilu yana busar da robar, ɓera kuma ya ƙarasa ta, gobarar silin daga nan take tashi.

Na biyu jan waya, bayan filasta amma kafin a rufe silin. Fitilu waya mai kauri 1.5 suke sha, soket mai 2.5. Kowace fitila wayoyi uku za su je mata: ja mai wuta, baƙa ta nutiral wadda wutar ke komawa ta cikinta, da kore ta atin wadda ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa. A sabon launi ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya nutiral, kore da rawaya atin. Da yawa ba sa kai koren wurin fitila, suna cewa ai fitila ba ta buƙata. Shandaliya jikinta ƙarfe ne, kuma mutum zai hau tsani ya riƙe ta da hannu biyu yana goge ƙura. Dole ta sami atin. Makunni kuma wayar wuta zai yanke, ba nutiral ba. In aka juya, fitila za ta mutu amma holda tana nan da wuta, kuma ƙwan LED zai riƙa ɗan haske-haske cikin dare ko da an kashe.

Kada a tara fitilun gidan a layi ɗaya. Gida irin naka layi uku ya dace: falo da baranda da zaure, ɗakuna da banɗakuna, sai fitilun waje da kicin. Kowane layi kada ya wuce poyin goma zuwa sha biyu, da birekarsa mai amfiya 6 ko 10. Mai amfiya 32 a kan waya 1.5 ado ce kawai, wayar za ta narke birekar ba ta faɗi ba. A saman su duka a sa bireka mai kare mutum daga shokin, mai 30mA, wadda ke da ɗan maɓallin gwaji a jikinta.

Na uku fitin, wato ɗaura makunnai da holdoji da fitilu, bayan fenti. Shandaliya ita ce ta ƙarshe a gidan gaba ɗaya.

Batun kwangila kuwa, ni na fi son na biyun: lada a kan poyin, kaya a hannunka. Amma ku rubuta abin da ake nufi da poyin. Wani yana ƙirga fitila da makunninta poyin ɗaya, wani biyu. Haɗa shandaliya da rataya ta ba poyin ba ne, aikin wuni guda ne na mutum biyu, a yi cinikinsa daban tun yanzu. Haka binne sandar atin, da haɗa akwatin bireka, da na'urar canja layi tsakanin NEPA da janareta. Kuɗi kuma a biya hawa-hawa: wani kaso bayan faifin, wani bayan jan waya, a riƙe kamar kashi ɗaya cikin biyar sai an yi gwaji an kwana bakwai ana amfani da wutar. A rubuta a takarda da shaidu biyu. Jawo layi daga fal zuwa mita kuma ba hurumin mai wayarin ba ne, na kamfanin rarraba wuta KEDCO ne, kada ka bar shi ya hau fal da sunan taimako.

Kafintan Gujungu ya amsa:

Alhaji, POP allin farar ƙasa ne da zare, an ɗaure shi da igiyoyin zare a jikin katako biyu-biyu. Kansa kawai yake iya ɗauka. Ƙugiyar da aka dasa a cikinsa za ta riƙe wata shida ko shekara, sai ka ga tsaga ta zagaye gindin fitilar kamar an zana da fensir, daga nan damina ɗaya in rufi ya ɗan yi yoyo ya jiƙa wurin, kilo 14 na gilashi ya sauko a kan tebur ko a kan yaro. Silin ɗin PVC ya ma fi shi rauni. Katakon rufi ne zai riƙe fitilar, silin wucewa kawai za ta yi ta cikinsa.

Ga yadda ake yi, kuma yanzu ne lokacinsa tun sama tana buɗe. A ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu a fitar da tsakiyar falo, a yi alama a ƙasa, a ɗaga alamar sama da igiya mai dutse. Da wuya tsakiyar ta faɗa daidai kan katakon da ke kwance a kan bango, galibi tsakanin biyu take faɗawa. Sai a samo jan katako mai ƙarfi, mai inci biyu da shida, a gitta shi a kan katakan nan biyu, ya zarce kowanne da kamar inci 6. A tsaye za a ɗora shi a kan gefensa, ba a kwance ba, don a kwance yana lanƙwasa. Kada a yarda da farin katako mai taushi irin wanda ake zuba kankare da shi, ko mai ƙulli a tsakiya. In za ka saya a 'Yan Katako na Na'ibawa ka ce busasshe kake so. Ɗanye yana bushewa a sama ya motse, noti ya saki. A shafe shi da maganin gara tukuna, musamman bakin da aka yanka. Yankinmu gara ba ta wasa, takan bi bango ta hau ta cinye cikin katako ta bar ɓawo. Wanda yake da mai walda kusa yana iya sa ƙarfen angul mai inci 2 a madadin katakon, ya huta da gara.

Ƙusa ba ta isa ɗaure shi ba. A huda a sa bol da noti a kowane gefe. A tsakiya kuma a huda daga sama har ƙasa a zura dogon ƙarfe mai zare, mai milimita 10, a sa faffaɗar wasa, wato ɗan faifan ƙarfe mai huda, a sama da noti biyu a matse su da juna don kada su kwance. A ƙasan ƙarfen ne ƙugiya ko farantin fitilar zai ɗauru. Ƙugiyar ta zama rufaffiya ko mai lanƙwasa sosai, ba irin buɗaɗɗiyar da ake lanƙwasawa da rodi mai laushi ba. Tsawon ƙarfen a bar shi da rara, a yanke bayan an san inda fuskar POP ta tsaya. Mai POP ya bar rami mai ɗan faɗi a kewaye da ƙarfen, kada ya liƙe su tare. Katako yana motsi da zafi da sanyi, in an liƙe sai POP ya tsage. Kofin fitilar zai rufe ramin. Ina kuma ba da shawarar waya ta biyu ta ƙarfe, siririya mai milimita 3, a zagaya ta kan katakon a ɗaure a jikin fitilar, ta zauna da ɗan sako-sako. In ƙugiya ta saki, ita za ta tare.

Kafin a rufe silin a gwada. Ƙa'idar masu ƙera fitilu ita ce abin rataya ya ɗauki ninki huɗu na nauyin fitilar. Naka 14 sau huɗu 56 ke nan. Buhun siminti kilo 50 ne, a haɗa masa jarka mai lita 10 cike da ruwa, a ɗaure da igiya mai ƙarfi a rataya a ƙugiyar, ya yi reto kamar taƙi ɗaya daga ƙasa don in ya faɗi kada ya yi ɓarna. A bar shi awa guda. A hau a duba ko katakon ya lanƙwasa, ko wasar ta nutse a ciki. Ma'aikacin da ya ƙi wannan gwajin ya san abin da ya yi.

Ga masu karatu da falonsu dakin ne, wato rufin kankare: in ba a binne ƙugiyar rodi lokacin zuba dakin ba, bol mai buɗewa ake sawa. Mai milimita 8 raminsa 14, mai 10 raminsa 16, a busa ƙurar ramin kafin a zura. Ba a sa filogin roba da sukuru a abin da ke reto sama da kai. A kuma kauce wa layin da faif ɗin waya ya bi, kada diril ya huda shi.

Abu ɗaya da ake mantawa: a bar ƙofar shiga silin mai ƙafa 2 da 2 a baranda ko a lungu. Ba ta da kyan gani, amma ran da za a duba noti ko a canja waya, ita ce za ta hana a fasa POP.

Injiniyan Sola, Haɗejia ya amsa:

Malam Ɗan Taura, a kan zaɓen fitilar ba ni da shakka: ɗauki mai ƙwai, bar mai rimot a shago. Mai rimot hasken nata a manne yake a jikinta, kuma wani ɗan akwati da ake kira direba ne ke ba shi wuta. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ya kamata ta kasance. A ƙauyen da ke ƙarshen layi, nesa da tiransifoma, da magariba takan sauka ƙasa da haka sosai, sannan in aka ɗauke aka dawo da ita takan zo da tsalle. Janareta ƙarami ma haka yake yi in an tashe shi ko mai ya kusa ƙarewa. Direban ne ke fara mutuwa, kuma sai an sami mai irin lambarsa daidai, wanda sau da yawa ko a Kano sai an sha yawo. Rabin fitilar ya mutu, rabi yana ƙiftawa. Mai ƙwai kuwa in ɗaya ya ƙone, a kwance shi a sa wani.

Ka duba bakin holdojin kafin ka biya. Yawancin irin wannan E14 ne, ƙaramin mai murɗi. Ba shi ne E27 babba ba, ba kuma B22 mai fil biyu da aka saba da shi a shagunan ƙauye ba, don haka ka sayo ƙwai 12 da rarar shida tun daga Kano, duk kamfani ɗaya launi ɗaya. In an gauraya, wani fari wani ja, fitilar sai ta zama kamar baƙin haƙori a baki. A jikin kwalin ka nemi wanda aka rubuta yana aiki daga bolt 85 zuwa 265; shi ne ke jure wutar ƙauye. Launi kuma 3000K, mai ɗan ja-ja, ya fi fito da gilashi, kuma ƙwari ba sa rububinsa kamar farin 6500K. Wanda ya ga yadda shinge ke taruwa a kan farar fitila bayan ruwan farko ya san abin da nake nufi.

Lissafin wuta: ƙwan LED mai wat 5 sau 12, wat 60 ke nan. Da tsofaffin ƙwai masu zare na wat 40 ne, da wat 480 za ta sha, fiye da rabin ƙarfin ƙaramin janareta, ga zafin da ke gasa holda. Ko wat 60 ɗin ma a kan sola ba kyauta ba ne. Awa biyar a kunne wat-awa 300 ne. Batir mai bolt 12 da 200Ah, in mai ruwa ne, rabinsa kawai ake so a sha don ya yi ƙarko, wato kamar wat-awa 1200. Ka ga fitila ɗaya ta cinye kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka kada shandaliya ta zama ita ce hasken yau da kullum. A sa ƙananan fitilun cikin POP guda shida masu wat 6 a kan makunninsu daban, kamar ƙafa 2 daga bango, a raba su biyu in an so. Ita kuma shandaliyar a ja mata wayar wuta biyu daga makunni mai baki biyu, ƙwai shida a kowanne, wato wayoyi huɗu ke nan za su je mata har da nutiral da atin. Mai wayarin zai raba su a cikin tukunyar fitilar. In ba a ja wayar ta huɗu yanzu ba, daga baya wahala ce. Kada kuma a haɗa ta da regiletar fanka wai don a rage haske, ƙwan zai yi ta ƙiftawa ya mutu.

Abin da zan ƙara a kan na Oga Mai Testa shi ne kariya. A sa na'urar da ke yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi ƙasa, a bakin akwatin bireka, mai amfiya 63, a saita ta ta yanke a kamar 250 a sama da 170 a ƙasa, da jinkirin minti ɗaya zuwa uku kafin ta dawo. Babban amfaninta ran da wayar nutiral ta tsinke a layin waje: gidan da ya kamata ya sami 230 sai ya sami abin da ya doshi 400, komai da ke kunne ya ƙone lokaci ɗaya. Bireka ba ta ganin wannan. In ƙauyenku kuwa wutarsa kullum ƙasa da 170 take da dare, a sauke iyakar ƙasan kaɗan, in ba haka ba za ku zauna a duhu maƙwabta suna da haske. A haɗa da na'urar tare tsawa saboda damina, amma ita ba ta aiki sai da atin mai kyau. Sandar atin ta jan ƙarfe, aƙalla ƙafa 4, gara ma 6 a ƙasar rairayi irin ta Jigawa, a binne ta inda ke da laima kamar kusa da magudanar banɗaki, a ɗaure wayar da maƙalar ƙarfe ba murɗawa ba. Gawayi yana taimakawa. Gishirin da ake zubawa da yawa yana cin sandar a hankali.

Tunda sola tana tafe, tun yanzu a ware layukan fitilu da fanka a gefe guda na akwatin, ko a ƙaramin akwati nasu, ban da layin dutsen guga da abin dafa ruwa. Ran da inbata ta zo, waya biyu kawai za a juya.

Mai Shagon Waya ya amsa:

Ranka ya daɗe Mai Testa, a wuri ɗaya na ɗan saɓa da kai. Kaya a hannun mai gida daidai ne, amma kada ya shiga kasuwa shi kaɗai da takarda, za a ba shi jabu da kuɗin na gaske. Ya tafi da ma'aikacin, ma'aikaci ya zaɓa, mai gida ya biya ya karɓi rasit da sunan kaya da lambarsu. Ta haka in waya ta ba da matsala ba mai ɗora wa wani.

Wayoyin da ake yi a Najeriya irin Coleman, Cutix da Nigerchin suna da suna, shi ya sa ake buga sunayensu a kan na bogi. Tambari kaɗai ba shaida ba ne. A fiƙe bakin wayar a kankare ta da wuƙa: jan ƙarfe na gaske ja ne har ciki, na jabu alminiyom ne da aka shafa wa ja, yana nuna fari. A kara mata wutar laita, ta jabu za ta lanƙwashe ta narke nan da nan. A kara maganaɗisu, in ya kama to baƙin ƙarfe ne. Wanda ya fi duka shi ne awo da mita. Naɗi ɗaya mita 100 ne. A kama bakin nan biyu a auna: mai 1.5 ta gaske kusan om 1.2 take nunawa, mai 2.5 kusan 0.7, bayan an cire na igiyoyin mitar. In 1.5 ta doshi 2, ko siririya ce ko ba jan ƙarfe ba ce. In ta yi ƙasa da 1 sosai, a ƙirga tsawon, ƙila an rage naɗin.

Yawan da za a saya ya danganta da awon da ya yi, amma gida mai poyin fitila 25 zuwa 30 a ƙiyasi naɗi uku na ja, biyu zuwa uku na baƙa, biyu zuwa uku na kore. Wanda bai rubuta kore mai 1.5 a lissafinsa ba, ka riga ka san ba zai kai atin wurin fitilu ba. A sayi kwalin kwanekta na haɗa waya, kuɗinsa kaɗan ne. Fitilun waje da na banɗaki a nemi rufaffu masu lambar IP65.

Shandaliyar kuma a haɗa ta da wuta a shago a ga kowace holda ta kama. A buɗe kwalin a ƙirga gilasan da takardar da ke ciki, a roƙi rara biyar ko shida, don hanyar ƙauye sai ta fasa wasu. A kujerar mota za ta zauna, ba a but tare da faif da naɗin waya ba.

Ɗan Taura ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, iyayen gida. Na fahimta, za a ɗauki mai ƙwai, kuma kafinta zai sa katakon kafin mai POP ya fara. Sauran abu biyu. Masu gidan suna son fankar sama biyu a falon, ɗaya kowane gefen fitilar. Zai yiwu? Sannan ranar da za a rataya, me zan tsaya in gani da idona?

Mai Testa ya amsa:

Mai Shago ya yi gaskiya, ku tafi tare.

Fanka biyu ba za su shiga ba, ga lissafin. Tsawon falon inci 192, tsakiya 96. Fitilar tana cin inci 15 kowane gefe, bakinta yana kan 81 daga bango. Fanka mai inci 56 fiffikenta yana kai inci 28 daga tsakiyarta, kuma tana son kamar inci 18 tsakaninta da bango don ta ja iska. Tsakiyarta ke nan a 46, bakin fiffike a 74. Inci 7 kacal ya rage tsakaninsa da gilashi. Ko mai inci 48 aka sa, ratar inci 15 ce. Gilasan za su yi ta kaɗawa suna ƙara, ƙugiyoyinsu na buɗewa, ga inuwar fiffike tana yanka haske har kai ya yi ciwo. A sa fankar bango biyu, a sama da ƙafa 7, a karkata su kan kujeru, a dasa musu soket ɗinsu yanzu a lokacin faifin.

Ka kuma lura da tsawo. Ana so gindin fitilar ya kasance ƙafa 7 daga daɓe. In POP da tayil suka ci inci 6 daga ƙafa 10 ɗinka, saura ƙafa 9 da rabi, wato inci 30 ne kawai na rataya. Fitilarka 28 ce, sarƙa ba ta da wuri. Ko dai a ce wa mai POP ya ɗaga tsakiyar silin ya manne da katako ya sauke gefuna kawai, ko a cire sarƙar a ɗaure ta kusa da silin, ko a nemi irinta mai inci 22 zuwa 24. Faɗin inci 30 kuwa daidai ne da falon, don ƙa'idar da ake bi ita ce a haɗa tsawo da faɗin ɗaki a ƙafa, 16 da 14, abin da ya fito shi ne faɗin fitila a inci.

Ranar ratayawa a kashe babbar bireka, ba makunnin bango kaɗai ba, a tabbatar janareta ma a kashe yake, a gwada wayoyin da mita. Mutum biyu, tsani mai ƙafafu huɗu, ba kujera a kan tebur ba. Ƙashin fitilar ake fara ratayawa ba gilashi ko ɗaya. Ka duba nauyin yana kan sarƙa ko ƙarfen, wayar wutar tana da sako-sako. In wayar ta miƙe tsam, ita ke ɗauke da kaya. Haɗin ya kasance cikin kwanekta, koren a ɗaure a sukurun jikin ƙarfen, a ja kowace waya da yatsa a ga ba ta zare ba. Ya ɗora mita tsakanin jikin fitilar da atin ɗin akwatin bireka, ya nuna kusan sifili. In akwai mega, a cire ƙwai a gwada layin a bolt 500, kada ya gaza megom ɗaya. Sai a sa ƙwai a kunna, a kashe makunni a auna holda a ga ba wuta, a danna maɓallin gwajin birekar shokin a ga ta faɗi, a sake gwadawa a kan janareta, amma a sani ko maɓallin ya faɗar da ita, wani janaretan sai an haɗa nutiral ɗinsa da atin kafin birekar ta kare mutum. Bayan nan ne ake jera gilasan, daga ciki zuwa waje, da safar hannu ta auduga don kada yatsu su bar shaida.

Ka gaya wa masu gidan, in hunturu ya cika ta da ƙura, mai gogewa ne zai zagaya da tsaninsa. Ba a juya fitilar a ƙugiyarta, juyawa tana murɗe wayar da ke cikin sarƙa tana kuma kwance notin sama.